Ku Tambaya, Mu Amsa: Idan Ɗakunan Gwaji Suka Shiga Tsarin Taimakekeniyar Lafiya, Nawa Zai Ci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ana cire mini kuɗin taimakekeniyar lafiya daga albashi. Na ji ana cewa ya kamata a riƙa tura masu rajista ɗakunan gwaji masu zaman kansu, hukuma ta biya. Anya wannan ba zai cinye asusun ba? Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Fargabarka tana kan hanya, domin tukunya ɗaya ce ake ɗiba. Abin da ke shiga asusun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA, shi ne gudummawar masu rajista irinka, da abin da gwamnati ta zuba, da kason jiha daga asusun kula da lafiya a matakin farko wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Duk nairar da ta tafi gwajin banza, daga kuɗin maganin wani aka zare ta.

Tsadar tana cikin yadda ake biya. A inshorar lafiya a Najeriya hanya biyu ce. Asibitin da ka zaɓa yana karɓar ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, kuma ƙananan gwaje-gwaje suna cikin wannan kuɗin: maleriya, fitsari, bayan gida, yawan jini, gwajin juna biyu. Manyan gwaje-gwaje kuwa sai an nemi lambar izini, a yi aikin, sannan a kai takardar neman biya bisa farashin da aka tsayar. To, idan asibiti ya karɓi kuɗin wata, ya kuma tura ka waje gwajin maleriya, ɗakin gwajin ya nemi nasa, an biya aiki ɗaya sau biyu ke nan. Wannan ita ce ɓaraka ta farko, kuma toshe ta ba wuya: ƙaramin gwajin da asibiti ya tura waje, shi zai biya daga kasonsa.

Ta biyu ta fi wuyar kamawa. Wanda ake biya a kan kowane gwaji, yawan gwaji ne ribarsa. Dubi takardar da aka saba rubuta wa mai zazzaɓi: maleriya da taifot a tare, kamar ɗanjuma da ɗanjummai. Gwajin Widal da ake yi don taifot yakan nuna akwai cuta ga wanda ya taɓa yin ta da daɗewa, har ma ga mai maleriya. Sai a biya gwajin, a biya maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 7 ko fiye wanda ba a buƙata, majinyaci ya dawo bai warke ba a sake sabon lale. Abin da ke tabbatar da taifot shi ne shuka jini a kwalba a jira ƙwayar ta tsiro, aikin da ke ɗaukar kwanaki. Haka gwajin maleriya na gaggawa, wanda ake ɗiga jini a ɗan faifan roba a karanta bayan minti 15 zuwa 20, yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke. Maimaita shi don a ga ko magani ya yi aiki zubar da kuɗi ne. Duba jini a madubin likita ne ke amsa wannan.

Duk da haka, ra'ayinmu shi ne a shigar da ɗakunan gwaji masu zaman kansu cikin tsarin. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34, kuma saya wa kowace cibiyar lafiya injin gwajin ƙoda da hanta ya fi biyan ɗakunan gwaji tsada nesa ba kusa ba. Sinadaran gwaji suna da wa'adi. A ce kwalin na gwaji 100 ne, aka yi 30 kafin ya lalace, kowane gwaji ya ninka kuɗinsa fiye da sau uku. Ɗakin da ke karɓar jini daga asibitoci goma ba ya wannan asara.

TAMBAYA: Ina da ɗan ƙaramin ɗakin gwaji. Me ya kamata in tanada kafin in nemi shiga? Daga wata mai karatu, Daura.

AMSA: Hajiya, fara da takardu: rajistar wurin da majalisar kula da ɗakunan gwaji ta ƙasa, MLSCN, da lasisin ƙwararren da ke sa hannu a sakamako, wanda ake sabuntawa duk shekara. Bayan nan sai wuta. Yawancin sinadarai suna son sanyin digiri 2 zuwa 8, ga shi a watan Afrilu zafin Daura yana haura digiri 40. Firiji yana buƙatar sola ko janareta, da ma'aunin zafi a ciki, da takarda manne a ƙofarsa ana rubuta awon safe da yamma. Mai dubawa da ya san aikinsa wannan takardar zai fara nema.

Ki kula da tafiyar jini idan daga ƙauye za a kawo miki. Jinin gwajin suga a kwalba mai murfi ruwan toka ake zuba shi, domin a kwalbar da ba ta da sinadarin kariya sugan yana raguwa da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 duk awa, sai mai ciwon suga ya fito kamar lafiyayye. Na ƙidayar jini a mai murfi shunayya. Ɗan acaɓa ya ɗauko a kula mai ƙanƙara, amma kada kwalba ta taɓa ƙanƙarar, don ƙwayoyin jinin za su fashe sakamako ya ɓaci.

Sai ki shirya wa jinkirin biya. Takardar neman kuɗi ana tantance ta kafin a biya, kuma wadda babu lambar izini ko lambar mai rajista a kanta dawo da ita ake yi. Ki ajiye jarin sinadarai da albashi na wasu watanni. Gwajin tarin fuka da injin GeneXpert da gwajin cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ake yin su a cibiyoyin gwamnati da aka ware, don haka ki tura majinyaci can, kada ki sa su a lissafin hukuma.