Tambaya da Amsa: Riƙon ɗakin marasa lafiya a asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum. An naɗa ni shugabar ɗakin mata mai gadaje 30, kuma wasu daga cikin nas-nas ɗin da ke ƙarƙashina sun girme ni a aiki. Ta ina zan fara? Daga wata nas a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Sista. Ki fara da rosta, wato jadawalin aiki, domin a nan ake gane adalcin shugaba. Ki fitar da ita aƙalla mako biyu kafin wata ya kama, ki raba aikin dare da ƙarshen mako da ranakun Sallah ta yadda kowa zai ɗanɗana. Ki ajiye littafin neman alfarma, mai biki ko jarrabawa ta rubuta tun da wuri. Kada ki haɗa sababbin nas biyu su kaɗai da dare, domin a wannan lokacin likita yana nesa, kuma sai idon da ya goge ke lura da mara lafiyar da numfashinta ya fara sauyawa.

Sai miƙa aiki. A yi shi a bakin gado, ba a tebur ba: me ke damunta, wane magani aka ba ta, wanne ya rage, ruwan da aka ɗaura mata saura nawa. Magunguna masu tsauri irin su mofin da fetidin, mai tashi da mai karɓa su ƙirga tare, su sa hannu. A duba tiren gaggawa da tukunyar iskar oksijin. Sau da yawa ba a gane tukunya ta ƙare sai an ɗauko ta da gudu.

Idan aka yi kuskuren magani, a fara ceto mara lafiya, a sanar da likita, a rubuta. Faɗa kuwa a ofis ake yin sa, ba gaban 'yan jinya ba. Nas ɗin da aka tozarta a bainar jama'a, gobe ɓoye kuskurenta za ta yi, kuma wannan ya fi haɗari. Ki bi sawun dalilin: wataƙila kwalaben allura biyu masu kama da juna ne aka ajiye wuri ɗaya, ko rubutun likita bai karantu ba.

Manyan naki kuma, ki ba su girmansu, ki riƙa shawara da su, ki damƙa musu koyar da ɗalibai. Amma a rosta kowa daidai ne.

Tambaya: Ba mu da isassun ma'aikata, kuma mun yi ta kuka ba a ji. Yaya za mu yi? Daga wani nas a Gombe.

Amsa: Malam, hukumar asibiti ta fi jin alƙaluma. Ku yi wata guda kuna rubuta yawan marasa lafiya da na nas a kowane zangon aiki, da magungunan da aka makara bayarwa, da waɗanda suka faɗi ko suka yi gyambon kwanciya saboda ba a juya su duk bayan awa biyu ba. Wani bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya shafi asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya nuna cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Ku haɗa wannan da naku lissafin, ku miƙa a rubuce ta hannun shugabar sashen jinya, ku riƙe kwafi.