Hukuncin Goge Tabo da Bille a Hoto

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni mai hoto ne a wani ƙauye kusa da Maigatari. Yawancin masu zuwa sai su ce in goge musu bille, in ƙara musu hasken fata. Kwanan nan wata yarinya mai tabon ƙuna a kumatu ta ce in share shi, za a tura wa manemi a Kano. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillah. Shi kansa hoton kyamara malamai sun yi saɓani a kai. Shaikh Bin Baz da Shaikh Nasiruddin Albani sun hana sai da larura, kamar na fasfo. Muftin Masar, Shaikh Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya halatta, yana ganin kama inuwa ne kamar madubi. Ra'ayinsa nake bi, muddin an rufe al'aura kuma mai hoton ya yarda.

Gyaran haske ko share ƙurjin da zai baje gobe, ba laifi. Gyaran hoto ba canja halitta ba ne, tunda jikin yana nan yadda yake.

Na yarinyar nan kuwa daban ne. Annabi (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya kalli wadda zai aura don zama ya ɗore. Hoton da za a tura yana tsayawa ne a madadin wannan kallo. In ka share tabon an yi algus, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ranar da aka kai amarya aka buɗe mayafi, wa zai sha kunya? Ita ce, kai ka riga ka ci kuɗinka.

Amma kada ka sallame ta da gatse, ɗana. Wadda ta shekara goma tana jan gyale ta rufe kumatu ba wasa ya kawo ta ba. Ka ba ta labarin Abdullahi ɗan Mas'ud: ya hau bishiya tsinko asuwaki, iska ta buɗe siraran ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariya, Annabi (SAW) ya ce sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Sannan ka zaunar da ita da hantsi, ka jira sai ta saki fuska ka ɗauka, tabon yana nan. Wannan za a tura Kano.

Wallahu a'alam.