Murfin batir na kwaikwayo ba a kifa shi kamar faifai

Ka tambaye ni ko murfin nan da ake ɗora wa sabon batir don ya yi kama da na da, kifa shi kawai ake yi. Yaro, da haka ne da ba a kiranmu.

Batir na da baƙar roba ne mai tauri, an liƙe samansa da kwalta, dalmar da ke haɗa ɗakunansa a waje take. Kamanninsa murfin yake ara. Fara ƙirga marufan ruwa: mai volt 6 uku gare shi, mai volt 12 shida. Ka sa mai shida a motar volt 6, masani yana leƙawa zai yi maka dariya. Yadda ake kwance batir kuwa ba zan ɓata bakina ba. Sai dai ka duba wane kan batir ne, fositif ko negatif, ya tafi jikin mota, don tsofaffin motocin Ingila irin Land Rover ta kafin 1967 fositif ɗinsu ne a bodi.

Inda ake asara shi ne tsayi. Murfin yana cinye gindin kan batir, sai tamina, wato ƙarfen bakin waya da ke kama kan, ta kama rabi. Wani mutum ya kawo Volkswagen Beetle da murfin da ya sayo, dalmar adon da ke kansa ƙarfe ce ta gaske, ba roba mai fenti ba. Aka ce masa ba zai yi ba, ya rantse haka yake so, biki zai kai ta. Batirin Beetle a ƙarƙashin kujerar baya yake, kujerar kuma sifirin ƙarfe ne a cikinta. Murfin ya ɗaga tsayi, robar da ke rufe fositif ta ƙi zama, mutumin ya cire ta da hannunsa. Manyan mata biyu suka zauna, sifirin ya sauka ya haɗa wuta, kujera ta kama. Washegari ya zo da 'yan sanda, ya ce bai taɓa ganin wata roba ba. Garejin nan ne ya biya kujera da wayarin, kuɗin aiki kuwa har yau shiru.

Saboda haka auna da tef, ba da ido ba kamar yadda ku yaran yanzu kuke yi kuna latsa waya. Idan kan bai fito sosai ba, faɗaɗa ramin murfin da fayil har tamina ta zauna a gindi. Ramin fositif ya fi faɗi, don kan ya fi kauri. In za ka liƙa murfin, kada gam ya toshe 'yar ƙofar numfashi ta gefe, iskar da batir ke fitarwa lokacin caji tartsatsi ɗaya take jira. Ƙarfen ɗauri ya danne batirin kansa, in ya danne murfin kaɗai zai tsage. Sannan ka tayar da mota ka sa mita: volt 13.8 zuwa 14.4 a mai 12. In ya wuce haka, gyara caji tukuna, in ba haka ba ruwan batir zai taru a ƙarƙashin murfin yana cin tiren da batir ke zaune a kai ba ka gani.