Nafi'u, kar ka ƙara wa jirgin nan katako

Toh Nafi'u na ga saƙonka. Ka ce katakon da ya zo a kwalin jirgin nan na rimot ko da farce ka danna loɓawa yake, shi ne kake so ka canza sandunan fiffike da na jela ka sa farin katako irin wanda muke ɗaukowa a 'Yan Katako na Na'ibawa, sannan ka bi duk mahaɗa ka malala gam don kar ya wargaje ranar da ya faɗo. A'a. Dan Allah kar ka soma.

Na san daga inda tunanin ya fito, a shago ni na koya maka cewa in kana shakkar ƙafar kujera ka ƙara mata kauri ka ƙara ƙusa, kuma a kujera haka ne. Amma kujera a ƙasa take zaune, wannan kuwa iska ce za ta ɗauke shi, duk giram ɗin da ka ƙara sai fiffike ya biya kuɗinsa da gudu. In nauyin jirgi ya ninka biyu, gudun da yake buƙata don kar ya faɗo yana ƙaruwa da wajen kashi 40 cikin 100, to kaga ga nauyi ga gudu, ranar da ya daki ƙasa ai ba gyara sai dai tsintsiya. Mara nauyi kuwa a hankali yake tafiya, yana ba ka lokacin yin tunani, in ya faɗo ma sau da yawa farfela ce kawai za ta karye.

Katakon nan sunansa balsa, yawancin na duniya daga ƙasar Ekwado ake samo shi a Kudancin Amurka, kuma matsakaicinsa bai kai rabin nauyin obeche ba, obechen da mu nan muke ganin babu mai sauƙinsa. Kar laushinsa ya ruɗe ka. Jirgin yaƙin Ingila da ake ce wa Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, gangar jikinsa balsa ne aka sa a tsakanin filawud biyu, kuma da mutane a ciki yake tashi. Ƙarfin ba a sanda ɗaya yake ba, a haɗuwar yake. Ka ɗauki haƙarƙarin fiffike guda ɗaya da yatsa biyu za ka karya shi, amma bari a jera su kan doguwar sandar nan ta tsakiya a rufe goshi a ja leda a kai, sai ka ga abu ya zama kamar ba shi ba. Inda ake buƙatar ƙarfi na gaske, wato allon da injin ke ɗaurewa da mahaɗar fukafukai biyu da mazaunin tayoyi, duba kwalin da kyau za ka ga masu shi sun riga sun sa filawud a wajen. Sun yi lissafinsu.

Jela kuwa ita ce ma ba na so ka kusanta da ƙarin komai. Nisan jela daga fiffike ya ninka nisan hanci sau uku ko huɗu, saboda haka giram 10 da ka ƙara a baya sai ka sa giram 30 ko 40 na dalma a gaba kafin jirgin ya daidaita, kaga gam ɗin da ka malala don tausayi ya jawo maka giram 50 a banza.

Abin da nake so ka sa wa ido maimakon kauri shi ne miƙewa. Wlh yawancin jiragen da ke ƙin tashi lafiya ba rauni ne ya kashe su ba, murɗewa ce. Fara da teburin da za ka yi aikin. Ba bencin shago ba da ya sha guduma, ka nemo allo mai shafe sosai ka ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kai ta kowace fuska ka leƙa ko haske na wucewa ta ƙasa, in yana wucewa canza allo. A kai ka ɗora guntun silin mai laushi wanda fil ke shiga, ka shimfiɗa takardar zanen, ka rufe ta da farar leda mai shara-shara don kar gam ya kama takardar. A kan zanen kai tsaye ake ginawa, kowane yanki a kan layinsa. Kuma kar ka soka fil a cikin siririyar sanda, tsaga ta yake yi ko ba ka gani ba, ka sa fil biyu gefe da gefe su gicciye a samanta su danne ta. Yankunan da ke jikin faifan katakon kuma kar ka tura su da yatsa su ɓalle, bi ƴan wuraren da suka rage a haɗe da sabuwar reza. Baƙin da ke bakinsu ƙunar na'urar da ta yanka su ce, shafa ɗaya ko biyu da samfefa mai laushi ta isa, in ka cika gogewa ka canza siffar haƙarƙarin. Samfefar ma ka liƙa ta a jikin guntun katako mai shafe, da yatsa kawai rami take yi.

Kafin gam ya taɓa komai ka jera su a bushe ka ga kowa ya zauna. Mahaɗar da ta zauna daidai ɗigo ɗaya take so, wadda ke da giɓi kuwa ko kwalba ka juye mata ba ta yi ƙarfi ba, nauyi kawai ta yi. Sannan ka lura, fiffike ɗaya na dama ɗaya na hagu, haka ma gefen gangar jiki. Kar ka yi dariya, mutane da yawa sun gina hagu biyu.

Maganar gam. Sufa gulu mai ruwa-ruwa yana da kyau a haƙarƙari, ka haɗa katakon tukuna sannan ka ɗiga, da kansa zai tsotse ya shiga. Illarsa ba ya jira, in ka kafa a karkace shi kenan, kuma ya fi balsa tauri, wajen gogewa sai katakon ya cinye gam ɗin ya tsaya ƙiƙam. Tururinsa na shiga ido, ka yi a inda iska ke wucewa, kuma kar ka goge shi da auduga ko tsumman auduga, zafi yake ɗauka sosai. Ni dai ga mai koyo na fi son farin gam ɗinmu na kafintoci, yana ba ka lokacin gyara zama, ruwansa in ya bushe nauyin ya ragu, sai dai ka bar shi ya kwana a kan allo da fil ɗinsa, kar ka ɗaga da daddare don ka ɗauki hoto. Gam mai haɗi biyu shi ne mai nauyi, wajen injin da mahaɗar fukafukai da tayoyi kawai, kuma ka nemi mai minti 30 ba mai saurin kamawa ba. Wajen haɗa fukafukan za ka ga zanen ya ce a ɗaga bakin kowanne sama da kaza, ka auna wannan da rula ka sa abin tokara a ƙasa, wannan ɗagawar ce ke sa jirgi ya koma daidai da kansa in ka saki sandar rimot.

Yanayin garin nan ma sai ka yi hankali da shi. Balsa na shan danshi da damina, da hunturu ya bushe ƙarau, in ka jingine faifan a bango kwana biyu za ka tarar ya yi baka. A kwance za ka ajiye su da abu mai shafe a kai, kuma fiffiken da ka fara kar ka bar shi rabi rufe rabi buɗe har sati.

Jan leda shi ne inda aikin wata guda ke lalacewa cikin minti goma. Ledar nan, ko Oracover ce ko MonoKote ko ta Chana mara suna, gam ɗinta a bayanta yake, zafi ke tashinsa, ƙarin zafi kuma ya sa ta tsuke. Ayan ɗin guga na gida zai yi in ka sa masa safar auduga, amma ka gwada a guntu tukuna. Fara da ƙasan fiffike, ka kama kusurwa huɗu da zafi kaɗan kana ɗan ja, ka bi gefe duka ka liƙe, ka juya ka yi sama haka nan, sai bayan an rufe fuska biyun sannan ka ƙara zafi ka tsuke, kaɗan nan kaɗan can. In ka tsuke fuska ɗaya gaba ɗaya kafin ɗayar, ledar za ta ja katakon ya murɗe kana kallo. In ka gama ka riƙe shi nesa da kai ka kalle shi ta baya da ido ɗaya, bakin baya na dama da na hagu su zama layi ɗaya. In ɗaya ya murɗe ba a fasa ba, wani ya riƙe ya murɗa shi ta ɗaya ɓangaren har leda ta yi tamoji, kai kuma ka bi da ayan, a riƙe har ya huce. Launi kuma sama daban ƙasa daban, kuma ka guji fari zalla, a hazon hunturu ɓacewa yake a sama ka rasa ina gaba ina baya.

Kayan wuta ba zan tsawaita ba, ka bi abin da takardar ta ce. Jirgi mai faɗin fiffike mita 1.2 zuwa 1.4 yawanci injin 2212 ne da ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun injin, mai amfiya 30, da sabo (servo), wato ƙananan injinan da ke motsa marafan fiffike da jela, ƴan giram 9 da batir irin LiPo mai gida uku, wato ƙananan batura uku haɗe a cikinsa, bolt 11.1, 2200mAh. Kar wani ya zuga ka ka sa babban inji wai don ƙarfi, shi ma nauyi ne. Batirin nan kuma ba na waya ba ne, kowane gida 4.2 ne cikarsa, kar ka bari ya sauka ƙasa da 3.3, in za ka ajiye ka bar shi wajen 3.8, cajarsa ta musamman ce mai daidaita gidaje. Kar ka bar shi a but ɗin mashin cikin ranar watan Afrilu, kar ka sa caji ka tafi masallaci, in ya kumbura ka rabu da shi. Gobarar sa ba wasa ba ce, mu kuma shagonmu duk katako ne da dusa.

Sai ma'aunin nauyi, wanda in ka manta komai kar ka manta shi. A zanen akwai alama a ƙarƙashin fiffike, yawanci tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗinsa daga goshi, kusan kan doguwar sandar. Ka sa komai a ciki har batir, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a daidai alamar, ya tsaya daidai ko hanci ya ɗan sunkuya. In jela ce ta yi ƙasa kar ka tashe shi ko da kuɗi, jirgi mai nauyin baya ba ya jin magana, ɗan taɓi kaɗan ya miƙe sama ya tsaya ya juyo da ka. Ka fara da matsar da batir gaba, dalma sai in babu yadda za a yi. Ka kuma ɗaga shi ta hanci da jela ka ga ko wani fiffike ya fi nauyi, in haka ne ƴar ƙusa a bakin ɗayan ta wadatar.

Shi kuma tsoron faɗuwar da ya sa ka tambaya, ka ga roba da aka ce a ɗaure fiffike da ita? Kar ka canza ta da noti don ka ga kamar wasan yara. Da gangan aka yi, in jirgi ya daki ƙasa robar ce ke saki fiffike ya fice da ransa. Kuma balsa in ya karye yana komawa mazauninsa, ka tsince guntayen duka a leda, da ɗigon gam dare ɗaya an gyara.

Wajen saita rimot ka cire farfela tukuna, tana yanka yatsa sosai. Rimot ake fara kunnawa sannan batirin jirgi, wajen kashewa kuma jirgi ne farko. Ka tsaya a bayansa, in ka jawo sandar dama wajenka bakin jela ya ɗaga sama, in ka tura ta dama ɗan marfin fiffiken dama ya ɗaga na hagu ya sauka. In ya yi akasi ka juya shi a rimot ɗin.

Wajen tashi kuma ba a unguwa ba. Filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga sansanin sojan sama a gefensa, saboda haka Fagge da Sabon Gari da Birget da Kurna duk ka cire su a lissafi, kuma hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaro suna da dokoki kan duk abin da ke tashi da rimot, ka nemi bayaninsu kafin ka fita da shi. Bayan gari za mu je, fili babu wayar wuta babu taron yara, da sassafe kafin iska ta taso, kuma a fuskanci iska wajen tashi da sauka. Tashin farko ni zan riƙe rimot, in na kai shi sama na daidaita shi sai na miƙa maka. Kafin nan ka sa manhajar koyon tuƙi a kwamfuta ka saba da lokacin da jirgi ke nufo ka, don a nan dama ke komawa hagu.

Yanzu dai ka fara da jela tunda ita ce shafaffiya mai sauƙi, ka gina ta yadda zanen ya ce ba ƙari ko ɗaya, kar ka ja mata leda. Ka zo min da ita ranar Asabar bayan la'asar tare da takardar zanen, zan ari ƙaramin sikelin mai shagon gwal mu auna ta.