Amsa: Idan ƙungiyarka ta haɗu da masu salon Princeton

Malam, tambayarka ita ce me za ka duba tunda an haɗa ƙungiyarka da masu salon Princeton a gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, NCAA.

Salon nan na haƙuri ne. Suna ta fasin har daƙiƙa 30 ɗin da doka ta ba su don yin jifa ta kusa ƙarewa, dogonsu kuma yakan baro gindin kwando ya tsaya kusa da layin jifan kyauta (free throw) yana rarraba ƙwallo. Da mai tsaro ya matso sosai don tare fasin, sai ɗan wasan ya zille ta bayansa, ƙwallo ta same shi ƙarƙashin kwando shi kaɗai. Da wannan zillewar ƙungiyar jami'ar Princeton ta koci Pete Carril ta fitar da jami'ar UCLA mai riƙe da kofi a 1996, ci 43 da 41.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne raina su don makinsu kaɗan ne. Wasan ne suke janyowa a hankali, kuma ƙungiyarka na iya gundura ta fara jifa a gaggauce.

Ka kalli wasanninsu biyu na baya. Tsarin tsaro kuwa, tambayi koci.