Amsoshin Wasiƙun Masu Kiwon Kifi: Ruwa Garau Ba Shi Ne Lafiya Ba

Wani mai kiwon tarwaɗa daga Nguru ya rubuto cewa ya zuba 'ya'yan kifi a kududdufin ƙasa, ruwa garau kamar na randa, amma kullum sai ya kwashe matattu.

Malam, yunwa ce ke kashe su. Ɗan tarwaɗa yakan shanye ƙwanduwar cikinsa kwana 3 zuwa 4 bayan ƙyanƙyasa, kuma a lokacin bakinsa bai isa ɗaukar abincin buhu ba. Abincinsa shi ne ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, irin su rotifa da moina, su kuma gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore suke ci. Ɗebi ruwan a kwalba ka ɗaga wa rana. In ka ga ɗige-ɗige suna tsalle, akwai abinci. In babu, ɗaure busasshen kashin kaji a buhu ka jiƙa a gefen kududdufin, ka jira kamar mako guda kafin ka zuba kifi. Sa hannu har gwiwar hannu: in tafinka ya fara ɓacewa a nan, takin ya isa, cire buhun.

Amma ina ka jawo ruwan? Na gaji da faɗa wa manoman shinkafa na fadamar Haɗeja da Nguru su daina wanke injin feshi a magudanar ruwa. Maganin ƙwari bai san tsutsar shinkafa daban, moina daban ba, kuma ɗan abin da ba zai kashe babban kifi ba, ya isa ya share waɗannan halittu. Ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, abin da aka zuba ba ya saurin wucewa. Masu zuba maganin ƙwari na Gamalin a ruwa don kamun kifi kuwa, ku ji tsoron Allah. In maƙwabcinka ya yi feshi, kada ka jawo ruwa a kwanakin.

Wata Hajiya daga Gashuwa ta ce karfasarta na tasowa sama da asuba suna haki. Hajiya, taki ya yi yawa, gansakuka na shanye iskar ruwa da dare. Dakatar da taki da abinci, ki sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan.

Mai tambayar sinadarin da zai saya ya kashe koren ruwa: riƙe kuɗinka.