Kwance ɗamara, ƙayyade makamai da hana yaɗuwarsu: amsoshin tambayoyin masu karatu

Wani malamin makaranta daga Garwa ya rubuto yana cewa: "Allah ya gafarta Malam, a labaran rediyo nakan ji an ce kwance ɗamara, wani lokaci a ce ƙayyade makamai, wani lokaci kuma hana yaɗuwar makamai. Shin duk abu ɗaya ne?"

Malam, ba ɗaya ba ne, kuma mai fassarar da ya cakuɗa su ya tauye wa mai sauraro haƙƙinsa. Ɗamara ita ce abin da mutum ke ɗaurawa a ƙugu a kan riga, ya tattare ta, domin kada ta hana shi sakewa. Ɗan kokawa yana cin ɗamara kafin ya shiga fili, mace tana cin ɗamara da gyalenta idan za ta yi surfe, mayaƙin da kuwa a ɗamararsa yake soke wuƙa ya jera layu. Saboda haka idan aka ce mutum ya ci ɗamara, ana nufin ya shirya wa abin da ke gabansa, idan kuma aka ce ya kwance ta, to ya gama, ba shi da niyyar komawa. A harkar ƙasashe, kwance ɗamara shi ne rabuwa da makamin gaba ɗaya. Afirka ta Kudu ta yi haka: ta ƙera bama-baman nukiliya shida, ta wargaza su da hannunta, sannan ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1991.

Ƙayyadewa kalma ce da muka aro daga Larabci, kuma ma'anarta sa wa abu iyaka. Wanda aka ƙayyade wa makami yana nan da makaminsa, sai dai an faɗi irin wanda zai riƙe, da yawansa, da wanda ya halatta ya sayar wa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan ƙananan makamai a Afirka ta Tsakiya, wadda Kamaru da Chadi suke cikinta, ta kuma fara aiki a 2017. Ta tanadi a sa wa bindigogi lamba, a ajiye rajistarsu, farar hula kada ya riƙe sai da izini, kuma kada a miƙa makami ga ƙungiyoyin mayaƙa da ba na gwamnati ba. Hana yaɗuwa kuwa daga yaɗo take, irin na kabewa ko duma, wanda ake shukawa a gindin danga amma ya haura ya shiga gidan maƙwabci. Manufarta ita ce makamin da ke hannun wasu kada ya isa hannun waɗanda ba su da shi, kuma a kan haka aka ƙulla yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 da ta fara aiki a 1970.

Akwai wani bambanci da ba ka tambaya ba, Malam, amma a wurina ya fi sauran nauyi. Dubi waɗannan jimloli uku: sun kwance ɗamara, an kwance musu ɗamara, an ƙwace musu makamai. A ta farko masu ɗamarar ne suka kwance da kansu. A ta biyu wani ne ya kwance, amma sun tsaya sun bari, domin ba a kwance wa mutum ɗamara yana gudu. A ta uku ƙarfi ne ya yi aiki. Masu rubutu a waya sukan bar ƙugiyar ƙ, sai ƙwace ta yi kama da kwance, harafi ɗaya kawai ya raba su, alhali tazarar da ke tsakanin ma'anoninsu babba ce. Wanda aka ƙwace wa bindiga ɗamararsa tana nan a ƙugu, kuma tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, da rumbunan makaman Libiya suka watse cikin Sahara, samun wata bai zama abu mai wuya ba. Shi ya sa hukumar da Kamaru ta kafa a 2018, wadda ɗaya daga cikin cibiyoyinta take Mora, ba karɓar makamai kaɗai aka ɗora mata ba, har da sallamar mayaƙan da suka tuba da mayar da su cikin jama'a. Haka nan bindigogin da aka ƙona a Tumbuktu a 1996 da Agadas a 2000, bayan sulhu aka tara su, masu su suna tsaye suna kallo. Tarayyar Afirka ma ta ware watan Satumba na kowace shekara domin wanda ke riƙe da makami ba bisa ƙa'ida ba ya miƙa shi ba tare da an hukunta shi ba. Ina roƙon masu fassara su riƙa duba wanne ne ya auku cikin ukun kafin su zaɓi kalma.

Wata ɗaliba daga Marwa ta ce: "Baba Malam, mene ne bambancin makamin nukiliya da makamashin nukiliya?"

'Yata, kalmomin biyu daga aikatau ɗaya suka fito, wato kama. Makami abin kamawa ne a hannu, an gina shi kamar yadda aka gina mabuɗi daga buɗe, da magirbi daga girbe. Makamashi kuwa abin da wuta ke kamawa ne, kamar itace da kara da gawayi, daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da fetur da lantarki. Makamashin nukiliya shi ne wutar da ake samu daga ma'adinin yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, makamin nukiliya kuma shi ne bom irin wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima da Nagasaki a 1945, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna makamin ƙare dangi. Da yake ma'adini ɗaya ne ke ba da duka biyun, an kafa hukumar makamashin nukiliya ta duniya a 1957, mai hedikwata a Vienna, kuma jami'anta suna shiga tashoshi su auna, su ƙirga, su tabbatar ba a karkatar da na wuta zuwa na yaƙi ba. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. Yarjejeniyar Pelindaba, da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 ta fara aiki a 2009, ta haramta makamin a nahiyar Afirka, amma ba ta haramta makamashin ba.

Wani Alhaji daga Kusuri ya ji an buga wa manyan ƙasashe karin maganar nan, wanzami ba ya son jarfa, yana tambaya ko ta dace da su.

Alhaji, jarfa ita ce 'yar tsagar ado da wanzami ke yi wa mutane da aska, kuma ana faɗin karin maganar ga wanda ke yi wa wasu abin da ba ya yarda a yi masa. A ganina ta dace. Yarjejeniyar 1968 ta amince da ƙasashe biyar a matsayin masu makamin: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da Sin. Sauran sun yi alkawarin ba za su nema ba, su biyar ɗin kuma, a sashe na 6, sun yi alkawarin tattaunawa da zuciya ɗaya domin kwance ɗamara. Amurka da Rasha sun rage da yawa bayan yaƙin cacar baka, wannan gaskiya ne, amma babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin da ta shiga yarjejeniyar 2017 mai haramta makamin ɗungurungum. Mu a nan muna da dalilin jin zafin wannan, domin a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, Faransa ta yi gwajin bom ɗinta na farko a 1960. Hujjar da suke bayarwa ita ce abin da muke kira kar ta san kar, wato kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ke riƙe da shi, sai tsoro ya hana shi takala. Sai dai Bahaushe yana faɗin haka ne ga zaman ɗar-ɗar, bai taɓa kiransa zaman lafiya ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mai fassara ce a Injamena: yaushe ake cewa nakiya, yaushe kuma ake cewa bom?

Ɗan'uwa, bom kalma ce mai faɗi, ta haɗa da wanda ake jefowa daga jirgi da wanda ake ɗaurawa a mota. Nakiya, wadda sunanta ya zo ɗaya da na abincin nan na shinkafa da zuma, an fi faɗinta ga abin fashewar da ake binnewa a ƙasa ya jira mai takawa. Ita ce yarjejeniyar Ottawa ta 1997 ta haramta, wato irin wadda aka yi domin ta tashi da mutum, kuma Chadi da Kamaru duk sun shiga. A Borku da Ennedi da Tibesti har yanzu ana tono waɗanda aka binne lokacin yaƙi da Libiya kan zirin Auzu, rikicin da kotun duniya ta yanke hukuncinsa tun 1994, kuma makiyaya da raƙumansu da yara masu kiwo su suka fi faɗawa ciki. Na hanyoyin Mayo-Sava da gaɓar Tafkin Chadi kuwa yawanci haɗin hannu ne, don haka ka ce bom ɗin da aka dasa a hanya. Ka kula da aikatau: ana binne nakiya, ana dasa bom, nakiya tana tashi da wanda ya taka ta, masu aikin kawar da ita kuma suna gano ta, su tono ta, su kwance ta ko su tayar da ita a inda take.